Tsimin Wata Goma Sha Ɗaya, Bikin Kwana Uku

Bayan sallar magariba ne cinikin shagon bakin layinmu yake kankama. Yara ne suka fi yawa, kowa da kuɗi a dunƙule a hannu, yana maimaita saƙo a baki kada ya manta: man gyaɗa na ɗari biyu, magi biyu, gishiri na hamsin. Mai shagon ko ɗaga kai ba ya yi. Tun da rana ya zauna ya ƙulla komai a farar leda, sukari ƙulli-ƙulli, omo ƙulli-ƙulli, har madarar gari wadda a da sai dai a sayi gwangwani. A gefen teburinsa akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo. Littafin bashi ne. Na taɓa tambayarsa ko ana biya.

"Ana biya mana, Malam," in ji shi. "Ranar albashi. Bayan kwana uku kuma a buɗe sabon shafi."

Kowa ya san inda aka kwana. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabin rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, ta kuwa sha ƙasa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin shekarar, buhun shinkafa ya riga ya tsallake wannan adadi. A Kano har afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da masu casa kan ware a sayar wa masu kiwon kifi, ta samu shiga tukunyar gidaje. Daga nan kalmar tsimi ta zama abin faɗa a bakin kowa: liman a kan mumbari, mai gabatar da shiri a rediyo, maigida in zai ba da kuɗin cefane.

Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan hirata da mai shago, a layin nan namu dai, aka toshe hanya da rumfuna. Kujerun roba sun kai bakin kwata. Mata sun yi anko, atamfa iri ɗaya tun daga uwar amarya har yarinyar da aka goyo. Na gane gidajen da yawancinsu suka fito, domin yaransu nake gani a shago da kuɗi a dunƙule. Gidan da ake bikin ma yana da shafinsa a wancan littafi.

Ban kawo wannan don na yi wa maƙwabtana dariya ba. A gidanmu ma haka aka yi, kuma da kuɗina a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka ƙware wajen tsimi, amma rayuwarmu ba ta yi sauƙi ba. Mutane kan haɗa biyun a baki ɗaya kamar Hassan da Husaini, alhali ko uwa ba su haɗa ba.

Bahaushe bai rasa sunaye ba

Harshenmu ya rarrabe abin dalla-dalla. Akwai tsimi, wato a ja abu ya daɗe bai ƙare ba. Akwai tattali, kula da abin da ke hannu kada ya lalace. Akwai tanadi, ajiye na gobe tun yau. A can gefe kuma ga 'yan uwan da ba a so a gan su a taro: rowa, ƙwauro, maƙo, da mutumin da ake ce wa mai hannun jarirai. Daga wajen malamai muka samu ƙana'a, wadda muka fassara da wadatar zuci, da kuma zuhudu, gudun duniya. Ukun farko duk magana ce a kan dukiya da yadda za a juya ta. Biyun ƙarshe magana ce a kan zuciya da abin da take so. Mai tsimi tambayarsa, nawa ne, kuma a ina zan samu da rangwame? Mai wadatar zuci tun kafin a kai ga farashi ya tambayi kansa ko yana buƙatar abin ma.

Wajen tsimi, babu wanda zai koya wa iyayenmu mata komai. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda yanzu har mai hali yake sa a rage masa tuwo da gangan saboda shi. Ƙanzon gindin tukunya a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kuɓewa da tumatir da suka yi araha a yanka a shanya, a samu busasshiyar kuɓewa da kauɗa har rani. Dusa ta tafi wajen akuya, toka ta zama ruwan toka, tsohon zane ya koma tsumman goyo, daga nan ya koma na goge-goge. Tela ba ya zubar da ƙyalle. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, ko ma'aunin mai sayar da gyaɗa. Mutanen da suka taso a ƙasar da damina wata huɗu ce, sauran wata takwas kuma daga rumbu ake ci, dole su iya lissafi. Maigidan ƙauye ya san damin da zai kai shi bazara, ya san wanda ba a taɓawa domin iri ne.

Sai dai akwai abin da masu wa'azin tsimi ba sa son faɗa: tsimin ma sai da jari. Wanda ke da 'yan kuɗi a hannu lokacin kaka zai shiga kasuwar Dawanau ya ɗauki buhun gero da na masara da na wake a farashin kaka, ya jibge a ɗaki. Wanda ba shi da su zai sayi hatsin nan dai da kwano a tsakiyar damina, lokacin da ya fi tsada. Manomin da ya noma shi ma sau da yawa yana cikin masu sayen, domin ya sayar tun da kaka ya biya bashin taki. Haka ƙullin shago: in ka tara man da ake ƙulla maka na wata guda ka auna da kwalba, za ka ga kai da ba ka da shi ka fi mai shi biya da tsada. Takalmin roba mai araha sau uku za a saya kafin na fata ya nemi shumeka. Araha ba ta ado, haka ne, amma mai hannu baka hannu ƙwarya ba ado ya fito nema ba. Don haka in an ga talaka ya koma cin abinci sau biyu, ya mayar da awara madadin nama, ya bar gas ya koma gawayi, kada a yi masa kirari da sauƙin rayuwa. Babu ce. Sauƙin rayuwa sai wanda yake da zaɓi ya zaɓa.

Gida biyu a birni ɗaya

Kano ta ga mutum biyu da kowannensu ya yi suna wajen rashin almubazzaranci, kuma in ka jera su za ka ga hanyoyinsu sun rabu tun daga ƙofar gida.

Alhassan Ɗantata an haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, fatake masu safarar goro. Ya taso maraya, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara da zama. Ya bi hanyar goro ta Gwanja, daga baya ya gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko ya fi a biyo da shi ta daji a kan jakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka nemi dillalan da manoma suka yarda da su, ya shiga ya yi zarra. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Abin da ake yawan faɗa game da halinsa kuwa shi ne tun yana yaro yake da asusu, kuma da ya yi arziki bai sauya ci da sutura yadda dukiyarsa za ta iya ba.

Wannan shi ne tsimin ɗan kasuwa, kuma har gobe za ka same shi a Kantin Kwari da Singa: mutumin da kayan shagonsa suka kai miliyoyi, yana zaune a kan benci yana shan fura, wayarsa ta tsage an ɗaure ta da roba. Bai ƙi duniya ba. Ya san cewa duk nairar da aka ci ta mutu, wadda aka mayar cikin jari kuwa za ta haihu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Irin wannan tsimi ne ya gina Kano, kuma jinin Ɗantata ne ya kai ga Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Manufarsa a tara.

Malam Aminu Kano kuwa, wanda aka haifa a 1920, tarawa ba ta cikin lissafinsa. Ɗan gidan malamai ne, ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci inda ya yi hulɗa da Sa'adu Zungur, ya yi karatu a Landan, ya dawo ya koyar a Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, a zamanin da albashin malamin makaranta ya isa a kira mutum babba, ya faɗa siyasar NEPU da duk wahalarta. Ya yi ɗan majalisar wakilai daga 1959. A gwamnatin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, sannan ta lafiya, a shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara, 'yan kwangila suna layi a ƙofar kowane kwamishina. Ya jagoranci jam'iyyar PRP, wadda ta ci gwamna a Kano da Kaduna a 1979. Duk da haka, da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, gidan nan na Gwammaja ne abin da za a nuna.

Gidan yana nan. Ana kiransa Mambayya, laƙabin mahaifiyarsa, yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An gina manyan ɗakunan taro a kewaye, har sun sa ainihin gidan ya ƙara ƙanƙanta a ido. Duk wanda ya leƙa ɗakunan da Malam ya zauna zai fito yana kwatanta su da gidan kansila na yau, kuma kansilan ne zai yi rinjaye. Farar riga da jar hula, su ke nan kamannin da mutane suka riƙe.

In da ma'aunin ɗan kasuwa za a yi amfani, Malam Aminu ba mai tsimi ba ne ko kaɗan. Gidansa ba ya rabuwa da jama'a, abin da ya shigo kuma ba ya kwana. Wanda ya yi haka a Kwari, shekara guda ya karye. Abin da ya rage shi ne buƙatar kansa, kuma abin da ya samu a madadinta shi ne bakin magana. Wanda bai saba da abin da sai sarki ko gwamna ne zai iya ba shi ba, yana iya kallon sarki ko gwamna ya ce a'a.

Wannan ba sabon darasi ba ne a ƙasar Hausa. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zinariya mai yawa. Shehu bai karɓa ba. Ya nemi abubuwa biyar a maimakonta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Da ya miƙa hannu ya karɓi zinariyar, da ba shi da bakin neman sauran. Kuma wannan hali ya fi wuyar riƙewa bayan an samu nasara: wajen 1807 ƙaninsa Abdullahi, ganin yadda son mulki da dukiya ya shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami.

To mu fa? Mun ɗauki wahalar tsimin Ɗantata ba tare da jarinsa ya taru ba, muna yabon Malam Aminu a baki ba tare da mun rage ko buƙata ɗaya ba. Dalili kuwa yana cikin rumfunan nan na ranar Asabar.

Kada a ce

In za a rubuta kasafin gidan Bahaushe na shekara da gaskiya, akwai layi ɗaya da ya fi kuɗin makaranta da na magani nauyi, sunansa "kada a ce". Kada a ce ba mu yi ba. Kada a ce ɗiyar wane ce aka kai da kaza kawai. Kada a raina mu. Muna ma da kalmomin aikin: fita kunya, kece raini, ganin ido.

A ɗauki aure ɗaya a bi shi daki-daki. Wajen ango: kuɗin na-gani-ina-so, kayan sa rana, sadaki, wanda shi kaɗai ne addini ya wajabta kuma sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta a jerin, sai lefe. Lefen da sunansa ya samo asali daga kwandon kaba yanzu ya zama jerin akwatuna, kuma akwai matan da aikinsu a ranar shi ne ƙirga turamen atamfa da leshi su kai rahoto. Wajen amarya: gado, katifa, kujeru, labule, kayan kicin, sannan gara. Kakanninmu sun yi jeren ƙwarya, iyayenmu suka yi na tasa da langa da kwalla, aka zo zamanin tangaran, yanzu ana maganar firji da injin wanki a gidan da wuta ba ta zuwa. Ga kamu, ga sa lalle, ga walima, ga dina a ɗakin taro na haya, kowanne da ankonsa da mai hoto da mai kwalliya. A da in an yi biki unguwa ce ke gani. Yanzu ana ɗora shi a Instagram da TikTok, sai 'yar mai gadi ta riƙa auna nata da na 'yar gwamna.

Wata gwaggona ta yi shekara uku tana zubin adashi saboda auren autarta. A shekarun nan na san ba ta ɗinka sabon zane ba sai na salla, shi ma ɗaya. Ƙosai take soyawa da safe, kuma ita da ke sayar da shi ba ta yarda ta ci fiye da ƙwaya biyu. Ciwon ƙafa ya dame ta, ta ce jiƙo ya ishe ta. Ranar da ta kwashi adashin, cikin mako guda kuɗin ya zama kujeru da kabet da jerin kuloli. Ba su isa ba, aka sayar da tunkiya biyu, aka kuma karɓo bashi. Na yi ƙarfin hali na ce mata, "Gwaggo, da an rage kujerun nan an bar miki jari fa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Kai ɗan nan, so kake dangin miji su mayar mini da yarinya baiwa? Ɗakin mace shi ne darajarta. Ku maza me kuka sani?"

Na yi shiru, domin akwai gaskiya a maganarta, kuma masu sukar bikin mata daga kan mumbari ba kasafai suke sauraron wannan ɓangare ba. Kayan ɗaki mallakar amarya ne. In aure ya mutu da su za ta fita, in ta shiga matsi su za ta sayar. A al'ummar da saki yake da sauƙi a bakin namiji, uwar da ta cika wa 'yarta ɗaki inshora ta saya mata. Gudummawar biki kuma ba kyauta ce zalla ba. Kowace mace tana riƙe da lissafin abin da wance ta kawo mata, domin ranar bikin wance za ta mayar, har da ɗori. Wani irin banki ne da ba shi da takarda. Wadda ta ce ta daina zuwa biki don tsimi, ta fita daga bankin ke nan, ranar da nata ya taso kuma za ta ga fili.

Shi ya sa sauƙaƙa rayuwa a wajenmu ya fi wuya a kan yadda littattafan Turawa suke kwatanta shi. A can mutum ne shi kaɗai zai tashi ya kwashe tarkacen ɗakinsa ya rabar, babu wanda zai tambaye shi. A nan tarkacen ba a ɗaki yake ba, a tsakaninka da mutane yake. Ba ka isa ka rage shi kai kaɗai ba sai ka shirya jin suna.

Hukumomi sun sha gwada rage shi da doka ko da tallafi. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta yi yunƙurin ƙayyade kuɗin aure, mutane suka bi ta bayan gida suka ci gaba da abinsu da wasu sunaye. A Kano, tun 2012 gwamnati ta hannun Hisba take ɗaukar nauyin auren zawarawa, a Oktoban 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da amarensu a rana ɗaya. Abin a yaba ne ga waɗanda suka amfana. Amma a lura da abin da gwamnatin ta yi: gado da katifa da sadaki ta saya. Ta biya kuɗin al'adar ne, ba ta rage ta ba.

Ga kuma matsalar mai wa'azin. Wanda ya ce wa jama'a su ɗaure ciki daga cikin jerin gwanon motoci, iska yake yi wa magana. An taɓa gwada akasin haka. Zamanin Murtala da Obasanjo an hana manyan jami'ai motocin alfarma, Peugeot ta zama motar gwamnati. Thomas Sankara a Burkina Faso ya sayar da Marsandin ministoci ya sa su a Renault 5, ya kuma sa ma'aikata sanya saƙin gida. Ko mutum bai yarda da siyasarsu ba, ya san a lokacin in an ce a yi haƙuri, maganar tana da nauyi.

Wanda ya shirya jin suna

Ina da kawu, tsohon malamin firamare, wanda ya yi ritaya da keke, har yau kuma keken yake hawa. Rigunansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, duk farare, duk a wanke a goge. Ba talaka ba ne tuburan: yana da gona, yana da fansho in an biya, 'ya'yansa suna aiki. Sun haɗa kuɗi za su saya masa babur, ya ce su bari, wai babur yana shan mai, keke kuwa shi ke ba shi lafiya.

Da aka zo neman auren 'yarsa ta uku, ya tara dangin yaron a zaure ya ce sadaki kawai yake so, sai akwati ɗaya in sun ga dama. Babu dina, babu anko. Walima bayan ɗaurin aure, shinkafa da wake da zoɓo, a watse kafin la'asar. Kuɗin da ya tanada ya raba biyu, rabi aka yi gado da katifa da tukwane, rabi ya saya wa yarinyar keken ɗinki, domin ta koya.

An yi masa ca. Matarsa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. 'Yan uwanta suka ce ya mayar da 'yarsu kamar marainiya. Wata ta ce dama an san shi, ko ƙuda ba ya sauka a kwanonsa. Har ni an turo na je na ba shi baki. Na same shi a ƙofar gida yana gyara sarƙar keke, na yi gaisuwa, na kewaya, na kewaya, sannan na ce, "Kawu, mutane fa suna magana."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Suna magana. To in na ci bashi na yi musu dina, ranar da mai bashi ya zo, cikinsu wa zai fito?"

Na ce ai ana gudun a ce rowa ce.

Sai ya ajiye sifana ya dube ni. "Kai da ka yi karatu, marowaci wa yake hanawa? Wani yake hanawa ya tara. Ni wa na hana? Jeka ka tambaya."

Ban buƙaci tambaya ba. Na san almajiran da ke cin tuwon dare a zaurensa. Na san 'ya'yan ƙaninsa marigayi su huɗu da ya riƙe har suka gama sakandare. Na san cewa duk kaka, kafin hatsi ya shiga rumbu, sai an auna zakka an kuma ware na maƙwabta. A nan na ga inda tsimi da sauƙin rayuwa suke haɗuwa in sun haɗu. Kawu yana tsimi ƙwarai, har tsinken ashana ba ya yarwa in bai ƙone duka ba. Amma da yake ya toshe ramin "kada a ce", abin da ya tsimta yana taruwa, ya kuma sami inda za shi. Gwaggo ta fi shi iya tsimi nesa ba kusa ba, ta kuma fi shi shan wuya, sai dai nata a kwando take zubawa. Malamai kan kawo ayar Suratul Furƙan da ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. Mu kuwa mun iya haɗa biyun a shekara ɗaya, mu ƙuntata wa cikinmu da lafiyarmu wata goma sha ɗaya, mu yi ɓarin kwana uku.

Kada na yi wa kawu kwalliyar da ba tasa ba. Namiji ne, dattijo, mai gona, kuma an riga an san halinsa, don haka abin da aka faɗa a kansa bai hana shi barci ba. Matarsa ce ta ɗauki nauyin abin. Ita ce ke shiga cikin mata, ita aka yi wa habaici a gidan suna, ita ce ta shekara tana jin kunyar waɗanda ta ci bikinsu ba ta rama da irinsa ba. Ya sayi 'yancinsa, amma wani ɓangare na kuɗin daga jakarta ya fito, kuma ban ji ya taɓa tambayarta ba. Yarinyar ma, a ranar, ta yi kuka.

Bara na bi ta gidanta. Keken ɗinkin yana tsakar gida a ƙarƙashin rumfar kwano, an ƙara na biyu, wata yarinyar maƙwabta tana koyo a kai. Atamfa ce jibge a kan tabarma, duk iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye. Na tambaye ta ta mece ce.

"Anko ne, Yaya," ta ce, ba ta tsayar da ƙafarta ba. "Mutum ashirin da bakwai, kuma Juma'a suke so. Rabinsu ma ba su biya kuɗin ɗinkin wancan bikin ba."